Gyaran wandon gwanjo a gida, daga Haraj zuwa keken ɗinki

Duk wadda ke da samari a gida, ko maigidan da ke fita aiki da wando da riga maimakon jallabiya, ta san yadda wando ke cin kuɗi a ƙasar nan ta Saudiyya. Shi ya sa ƙafa ba ta ɗaukewa a kasuwannin gwanjo da ake kira Haraj, irin Haraj ɗin Sawarikh da ke kudancin Jidda, da na Mu'aisim a nan Makka. Za ki samu wando mai yadi na gaske, wanda bai sha jiki ba, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai ba don ɗanki aka yanka shi ba. Ƙugu ya yi yawa, ƙafa tana jan ƙasa, ko kuwa baki ya buɗe. In kin kai wa tela, sau da yawa kuɗin gyaran ya kamo kuɗin wandon, wani lokacin ma ya wuce. Tun rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021, wanda ya shafi unguwanni irin su Sabil da Kandara da Karantina, ƙananan telolin da mutanenmu suka saba da su sun warwatsu, ba kowa ya san inda nasa ya koma ba. To, gyaran nan ba ya gagarar mai keke a ɗaki, in dai ta san abin da ke gyaruwa da abin da ba ya gyaruwa, kuma ta bi aikin daki-daki.

Tun a kasuwa ake fara gyara

Mafi yawan masu saye ƙugu suke dubawa da tsawo, alhali su ne mafi sauƙin gyara. Abin dubawa na farko shi ne mazaunai da cinya da zurfin hantsa, wato tazarar da ke tsakanin bakin ƙugu da inda ƙafafun biyu suka rabu. Wandon da ya zauna daidai a waɗannan wurare, ko ya ɗan yi yalwa, ki saya ko da ƙugun ya yi yawa. Wanda ya matse a nan kuwa, sai in yadin ya burge ki ƙwarai kuma kin shirya yin ƙari, wanda za mu zo kansa.

Kafin ki fita, ɗauki wandon da ya fi yi wa mai shi daidai, ki shimfiɗa, ki auna faɗin ƙugu, da faɗin mazaunai a ƙasan zif, da faɗin cinya dab da hantsa, da zurfin hantsar ta gaba da ta baya. Ki rubuta a waya, ki jefa tef ɗin awo a jaka. Kada ki dogara da lambar da ke jikin wandon. In kin ga W34 L32, inci ake nufi: ƙugu 34, tsawon ƙafa ta ciki 32, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. In kin ga 48 ko 50 ko 52, lissafin Turai ne, 50 kuwa tana kusa da inci 34. Amma wandon da aka wanke sau hamsin, ko wani tela ya riga ya taɓa shi, ya bar lambarsa tuntuni. In mai wandon yana tare da ke kuma babu tef, ya ɓalla maɓallin, ya naɗa ƙugun a wuyansa. In gefe da gefe suka haɗu a ƙeya, yawanci zai shige shi. Dabara ce ta kusa-kusa, ba ta kai awo ba.

Sai ki ɗaga wandon ki fuskanci haske da shi, ki duba tsakanin cinyoyi. In haske na ratsa yadin a nan, ya ci, kwanansa ya kusa ƙarewa. Ja zif sama da ƙasa. Zura hannu a aljihu. Juya cikin ki duba ɗinkin tsakiyar baya: wandon kwat mai kyau ana bar masa rarar yadi a nan, mai faɗi a sama tana tsukewa zuwa ƙasa, don a iya buɗe shi wata rana. Jins ba shi da wannan rarar ko kaɗan. Kuma ki taɓa yadin da kyau. Zafin Makka ya wuce digiri 40 a watannin bazara, wandon roba zalla azaba ne ga mai yini a waje, duk arharsa. Araha ba ta ado. Auduga, ko auduga da aka ɗan gauraya, ita ce ta garin nan.

Wanki kafin almakashi

Kada almakashi ya taɓa wandon sai ya sha wanki ya bushe. Na farko don tsafta: ruwan zafi na digiri 60 yana kashe ƙwarƙwata da kuɗin cizo da ƙwansu, jins da kaki kuma suna jure shi. Wandon ulu ba ya jurewa, zai tsuke ya cukurkuɗe. Shi ruwan sanyi da hannu, sannan guga mai tururi ciki da waje, musamman cikin ɗinki da aljihu. Na biyu, in yadin yana da sauran tsukewa, ya yi ta yanzu, ba bayan kin yanke ƙafa ba. Ki shanya shi a juye, don ranar ƙasar nan tana cinye launi.

Kayan aiki ba su da yawa: keke kowane iri, ko tsohuwar Singer ko Butterfly ta ƙafa, almakashi mai kaifi, fil, alli ko ɓallin sabulun da ya sirance, tef, abin farke ɗinki, dutsen guga, da ƙaramar guduma. Allurar keke lamba 14 ta ishi wandon yadi, jins kuwa sai 16, mai kauri sosai 18. Reza tana farke ɗinki da sauri, amma tana yanka yadi da sauri ita ma. Abin farkewa mai ƙaho biyu yana nan a shagunan kayan ɗinki da na kayan arha da ake kira abu-riyalain, ki nema.

Tsarin aikin ɗaya ne kullum: daga sama zuwa ƙasa. Ƙugu da mazaunai, sannan faɗin ƙafa, tsawo a ƙarshe. Dalili kuwa, da zarar kin rage ƙugu wandon zai hau sama ya zauna inda ya kamata, tsawon da kika auna ɗazu ya tashi a banza.

Rage ƙugu

Mai wandon ya sa shi a juye, cikin a waje. Ki tsaya a bayansa ki kama rarar a tsakiyar baya, ki soka fil daga ƙugu zuwa ƙasa har inda rarar ta ƙare da kanta. A bar wurin da yatsu biyu za su shiga, domin mutum yana cin abinci. Ya cire, ki bi layin fil ɗin da alli.

Ga iyakar da ba a tsallakewa: tsakiyar baya ba ta ɗaukar ragin da ya wuce santimita 5 gaba ɗaya, wato biyu da rabi daga tsohon ɗinki a kowane ɓari. In kin zarce haka, aljihunan baya za su matso juna har su kusa haɗuwa, ɗinkin gefe ya karkato baya, kowa ya gani ya san an taɓa wandon. Misali ƙugun yaron 84 ne, na wandon 92. Rarar 8 ke nan. Ki cire 4 a tsakiyar baya, sauran 4 ɗin ki raba wa dat biyu, wato ƙaramin ninki da ake ɗinkewa don a tsuke yadi, ɗaya a saman kowane aljihun baya. Kowane dat ki kama ninkin santimita 1, wanda ke cinye 2, ya gangara kamar santimita 8 ya ƙare da tsini. In rarar ta kai 12 ko fiye, wannan wandon ba na yaron nan ba ne, a ba yayansa.

A wandon kwat aikin ba wuya, don ƙugunsa ma a rabe yake a tsakiyar baya. Ki cire madaukin bel na tsakiya, ki farke shafin ƙugun ta ciki kamar faɗin tafin hannu kowane gefe, ki miƙe shi sama. Yanzu ɗinki ɗaya ne zai taso daga saman shafin, ya ratsa ƙugun, ya gangara yana shigewa cikin tsohon layi a hankali, ya haɗe da shi kafin lanƙwasar hantsa, wajen santimita 15 zuwa 18 daga sama. Kada layin ya yi kwana. Ko ƙaramar kusurwa ce za ta fito a waje kamar ƙulli. Ki fara da dogon ɗinki na gwaji, a sa a gani, sannan ki bi da na gaske sau biyu, domin nan ne wurin da ya fi shan ja. Sai ki farke tsohon ɗinkin, ki buɗe rarar biyu ki danne da guga. Kar ki yanke ta. Yaro na girma, babba ma yana ƙiba, kuma bayan azumi jiki kan sauya.

Jins ya fi taurin kai. Ƙugunsa ɗaya ne bai rabu ba, ɗinkin bayansa kuma a naɗe yake da layi biyu na zare mai kauri. Hanyar da ta fi kyan gani ita ce a farke ƙugun daga jikin wandon a baya, a rage jikin, a yanka ƙugun a tsakiya a haɗe shi da sabon awo, a mayar, a rufe mahaɗar da madaukin bel. In wannan ya yi miki yawa, kuma rarar ba ta wuce santimita 4 ko 5 ba, akwai ta roba: ki tsaga shafin ƙugun ta ciki kawai, a wurare biyu daidai saitin ɗinkin gefe, ki zura roba mai faɗi da fil mai makulli ta ratsa bayan, ki kafe gefe ɗaya da ɗinki, ki ja ɗayan har ƙugun ya dawo awo, ki kafe. Ga wandon yara wannan ta fi kowace, tunda ana iya sassauta ta daga baya.

Kafin ki wuce nan, akwai gwajin da madubi ba ya yi miki. Mai wandon ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya zauna zaman tahiya. Wandunan zamani da yawa gajeriyar hantsa gare su. A tsaye lafiya lau, da an sunkuya sai baya ya zame. Wanda ke sallah a Harami ko masallacin unguwa cikin sahu ya ga irin wannan ba adadi. Rage ƙugu yana magance zamewar in yawa ne ya jawo ta. In kuwa hantsar ce gajera, ko kin matse ƙugun har ya hana numfashi ba za ta daina ba, sai an yi ƙari.

In wandon ya matse

Nan ne aikin ya fi daɗi, kuma nan ne mutane suka fi saurin haƙura su jefar da wando mai kyau. In ƙugu kaɗai ya matse kuma akwai rara a baya, ki yi sabon ɗinki a wajen tsohon, ki farke tsohon, ki bar aƙalla santimita 1 na rara. A ulu, tururi yana goge sawun tsohon ɗinki. A kaki da ya koɗe sawun zai zauna, sai dai a yi haƙuri da shi ko riga ta rufe.

In cinya ce da hantsa, ki tuna wandon gargajiyarmu. Telolin Kano da Zariya tun kaka da kakanni suna sa wa wando hantsa daban, ƙyalle ne da ake dasawa tsakanin ƙafafu don mai shi ya hau doki ya zauna a ƙasa ba tare da wani abu ya yage ba. Ita za ki yi, sai dai ƙarama. Ki farke ɗinkin cikin ƙafa, daga mahaɗar hantsa zuwa ƙasa santimita 14 ko 15 a kowace ƙafa. Wandon zai buɗe baki. Ki yanki ƙyalle mai siffar ganye, tsini a kai biyu, tsawonsa ya yi daidai da buɗewar, faɗinsa a tsakiya santimita 6 zuwa 8, ki ƙara 1 ta ko'ina don ɗinki. Tsakiyar ƙyallen ta hau kan mahaɗar, tsinin biyu su kalli gwiwoyi. Ki ɗinka ɓarin gaba tukuna daga tsini zuwa tsini, sannan ɓarin baya, ki maimaita ɗinki a kan tsinin don nan yake fara ɓallewa. Wannan ɗan ƙyallen yana ƙara wa cinya faɗi, yana ƙara wa hantsa zurfi, kuma in mutum yana tsaye ba a ganinsa. Yadin da ya fi dacewa shi ne na jikin wandon: in ƙafar ta yi tsawo da yawa, yanki daga can, amma ki bar rarar santimita 6 ko 7 a kan tsawon da kike hasashe, tunda ba a kai ga awon ƙarshe ba.

In matsewar ta kama tun daga ƙugu har gwiwa, sai a yi ƙari a gefe, kuma tunda ba ya ɓoyuwa, gara a mai da shi ado. Ki farke ɗinkin gefe duka biyu har cikin ƙugu, ki dasa zirin yadi mai faɗin santimita 3 ko 4 daga sama har ƙasa. Wata maƙwabciyarmu a Shara Mansur, nan Makka, ta yi wa 'yarta haka da baƙin jins da ragowar atamfa mai ruwan goro, wandon da take sawa a ƙarƙashin abaya. Da yarinyar ta gwada sai ta ce, “Umma, saura aljihun baya.” Aka yanko wani ƙyallen aka bi bakin aljihun da shi, wandon ya fito tamkar haka aka ɗinko shi. Abin kiyayewa biyu ne. A wanke ƙyallen tukuna, don wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa. Kuma in ƙyallen ya fi wandon rashin kauri, a ninka shi biyu ko a sa masa shafi, in ba haka ba shi zai fara mutuwa. Ga namiji, zirin yadi mai duhu wanda ya kusa da launin wandon ya fi kamala. A jins ki lura da ƙusoshin ƙarfen da ke bakin aljihu. Allura ta hau kansu sai ta karye, gutsuren yana iya tsalle ya nufi ido.

Tsuke ƙafa

A sa wandon a juye, ki kama rarar da fil daga gwiwa zuwa ƙasa a ƙafa ɗaya kawai. Abin da za ki rage, ki raba shi biyu daidai tsakanin ɗinkin ciki da na waje. Wadda ta kwashe duka daga gefe ɗaya za ta ga ƙafar tana murɗawa, karin guga ya bar tsakiyar gwiwa ya koma gefe. A jins, inda ɗinkin ciki yake a naɗe, ana iya rage kaɗan ta waje kaɗai, amma kada ya wuce santimita 2. Layin ya fara daga sama da gwiwa ya sauko a miƙe. Ki ja shi da doguwar rula ko katako. Sai ki ɗora ƙafa kan ƙafa, ɗinki kan ɗinki, ki kwafi alamar, kada ki auna ta biyun daban.

Samari za su ce a ƙara tsukewa. Ki auna zagayen diddige da gadon ƙafarsa, baki bai isa ya gaza wannan ba, in ba haka ba ƙafar ba za ta shiga ba. Kuma ya gwada naɗe shi sama zuwa ƙauri, don sau biyar a yini zai yi alwala. Ga babban mutum, faɗin baki a shimfiɗe santimita 18 zuwa 19 ya yi tsaf. Bayan gwaji ki yanke rarar ki bar ɗaya da rabi, ki bi bakin da zigzag don kada ya zare. In kekenki ba ya zigzag, ki yi layi na biyu kusa da bakin, ko ki bi shi da hannu.

Tsawo

Yanzu ne lokacinsa. Ya sa wandon daidai, da bel ɗinsa, da takalmin da zai riƙa sawa, ya tsaya a miƙe yana kallon gaba. In ya sunkuyo yana leƙen abin da kike yi, awon ya ɓaci. Ki tambaye shi inda yake so ya tsaya, domin da yawa a nan ba sa son wando ya sauka ƙasa da idon sawu, wasu kuma wurin aikinsu yana son ya taɓa takalmi. Ki naɗe, ki soka fil, ki duba ƙafa biyun duka, don ba kowa ne ƙafafunsa suke daidai ba.

Wandon kwat: bar santimita 4 ƙasa da alamar, yanke, bi bakin da zigzag, ninka ciki, guga, sannan kalmasa da hannu, allura tana ɗaukar zare ɗaya ko biyu kacal na yadin waje, ba tare da kin ja ta tamau ba. Akwai tef mai gam da ake mannawa da guga. Yana fid da mutum kunya ranar gaggawa, amma wankin ruwan zafi yana ɗaga shi.

Jins: bar santimita 3, ninka sau biyu, ɗinka da zare mai kauri a sama da na kullum a ƙasa, ki ƙara tsawon taku. Inda ɗinkin gefe ya ninku ya yi tudu, ki ɗora a kan tayil ko katako ki bubbuga da guduma har ya kwanta, kuma in kin iso wurin ki juya keken da hannu. In ana son asalin bakin da ya koɗe ya zauna, ba sai an yanke shi ba: in rarar 6 ce, ki naɗo ƙafar waje, ki auna 3 daga ninkin zuwa gindin tsohuwar kalmasa, ki ɗinka dab da ita, ki tura ninkin ciki ki danne da guga. Wannan ba ta yiwuwa in kin tsuke ƙafar sosai, don inda tsohon bakin zai zauna zai fi shi faɗi.

Na yara kada ki yanke. Ninka rarar ciki ki kama da hannu, baɗi a sake ta. In an saki kalmasa sai tsohon kari ya fito fari. Ki jiƙa tsumma da ruwa da ɗan khal, wato binega, ki ɗora ki guga, yakan rage shi. Wanda ya yi gajere kuma babu abin saki, ki ƙara masa baki da irin ƙyallen da kika sa a gefe, ko ki zura roba a bakin ya zama irin na 'yan ƙwallo.

Guga ta ƙarshe a yi ta da jiƙaƙƙen tsumma tsakanin dutse da yadi, musamman baƙin wando, don kada ya yi ƙyalli. Zif da ke cijewa, goga masa kyandir ko bakin fensir. Wanda ke buɗewa a baya bayan an ja, ɗan matse kan da filaya kaɗan-kaɗan ta gefe biyu. In haƙoransa ne suka zube, canza zif ɗin wando aiki ne mai cin lokaci da farke-farke, wannan kam ki ba tela kuɗinsa ya yi.